Katin Makulli

A gwangwanin madara na ajiye su
tun ina ɗan lakwal a Bilbis,
sa'ad da dala biyu ke sayen cingam
mai kati naɗe a ciki.
Cingam mu tauna mu tofar,
kati mu cusa a lalitar wando
kada mushe ya gani ya ƙwace.

Tamanin da ɗaya suka rage.
Gara ta ci rabonta, yoyon ɗaki ya ci nasa.
Turawa ne galibinsu, gashi har kafaɗa,
sunayen da harshe ke tuntuɓe a kansu.
Ɗaya tak ne namu:
Illa Arzika, mai tsaron raga,
wanda ya tafi biɗa bakin teku
kamar kowane ɗan Adar,
sai dai shi da safar hannu ya ci tuwo.
Makulli muke ce masa.
Turawa bakwai da rabin burodi na bayar
kafin Sahabi ya sakar mini shi.

A bayan katin an jera da Faransanci:
tsawo kaza, nauyi kaza,
wasa ɗari da goma sha huɗu.
Babu layin da aka ware wa gwiwa.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci,
aka nuna mini shi a tashar albasa,
zaune kan buhu, littafi a cinya,
yana ƙirga abin da ake loda wa tirela.
Furfura ta gama da gemu.
Ƙafar hagu miƙe kamar muciya,
yatsu kowanne ya kama gabansa
kamar rassan aduwa.

Na gaishe shi, na miƙa katin hannu biyu.
Ya goge tafi a riga kafin ya karɓa,
ya kai shi nesa, ya dawo da shi kusa,
sai dariya, har littafin ya faɗi.

"Sunan nawa ne," in ji shi, "fuskar ba tawa ba ce.
Wannan Kosi ne, ɗan Lome,
mai jirana a benci.
Ranar da mai hoto ya zo ina kwance da zazzaɓi,
suka zura masa rigata."

Shekara talatin da ɗoriya.
Ni da na sha faɗuwa a yashin Babaye
ina ihun Makulli,
ina ɗaure fuska irin ta wani mutum daban.

"Ɗaki ɗaya muka zauna," ya ce.
"Shi ke girki, ni ke wankin safa.
Wasa uku kacal ya buga a shekara huɗu.
Da gwiwata ta tafi, shi ya goya ni asibiti,
shi ya sayar da rediyonsa
ya cika mini kuɗin motar gida.
Wasiƙa biyu, daga nan shiru.
Ba ni da hotonsa ko guda."

Direba ya danna ham.
Wani ya ƙwala kira: buhu nawa aka yi?
Bai ɗaga kai ba.
Babban yatsansa na shafar goshin katin
daidai inda gara ta ɗan ciza.

Zuwa na yi ya sa mini hannu,
har bik na saya a hanya.
Bik ɗin bai fito daga aljihu ba.
"Nawa za ka sayar?" ya ce.
Na ce Turawa bakwai da rabin burodi.
Ya dube ni jim,
ya sa katin cikin hula, ya mayar da ita ka,
ya ce yara su ɗaura mini albasa a babur.

Yanzu tamanin ne a gwangwani.
Da dare na baje su kan tabarma,
ina bin Turawan ɗaya bayan ɗaya:
kai fa, kai ɗin ne?
Daga madafa ina jin Hadizatu
tana yanka albasar, tana tsaki, tana jan hanci.